Yadda Aka Faro Ƙona Jijiya Da Wutar Rediyo Don Kashe Ciwo

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano. Ya ce wansa manomi ne, ya shekara huɗu yana fama da ciwon baya, har ta kai an fita da shi Masar, likitocin can suka ce za su ƙona masa jijiya da wutar rediyo. Shi ne yake tambaya, wai shin me ya haɗa rediyo da jijiyar mutum, wa ya ƙago wannan aiki, kuma in an ƙona jijiyar, ƙafa ba za ta shanye ba? Ya ce shanu biyu za a sayar a biya kuɗin aikin, don haka yana son bayani dalla-dalla.

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa taka, Allah ya ba yayan naka lafiya. Wannan aiki yana da tarihi na fiye da shekara 100, kuma amsar tambayarka ta ƙarshe tana cikin tarihin nan, saboda haka sai ka gyara zama.

Amma kafin nan bari mu warware wata 'yar sarƙaƙiya ta harshenmu. A wurin Bahaushe, wadda jini ke bi jijiya ce, mai taurin nan da mahauci ke fama da ita a cikin nama ita ma jijiya ce. Wadda muke magana a kanta ita ce ta uku, wata farar igiya wadda ba ta ɗaukar jini, saƙo kawai take kaiwa. Irin waɗannan jijiyoyi suna fitowa daga ƙwaƙwalwa da kuma laka da ke cikin ƙashin baya, su yi rassa su bazu har yatsun hannu da na ƙafa. Ta cikinsu ne umurni ke sauka cewa hannu ya ɗaga fartanya, ta cikinsu ne kuma labari ke hawa cewa ƙaya ta soki ƙafa. Kowace jijiya ba sili ɗaya ba ce, tamkar igiyar rama take, zaruruwa dubbai aka haɗa wuri guda, wasu masu kauri, wasu sirara. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Neman lafiya da wuta ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san sakiya, mun san lalas da ake yi wa mutum ko dabba da jan ƙarfe. Babban likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajajen shekarar 1013, a cikin littafinsa At-Tasrif ya keɓe babi 56 kan yadda ake ɗana wa majinyaci ƙarfe mai zafi, tun daga ciwon kai har ciwon kwankwaso. Illar jan ƙarfe ɗaya ce, daga waje yake fara ƙuna. Jijiyar da ke kawo ciwon kuwa tana can ciki, ƙarƙashin fata da tsoka, wani lokaci ma a jikin ƙashi. Kafin zafin ya kai gare ta ya riga ya cinye duk abin da ke kan hanya. Abin da likitoci suka daɗe suna nema shi ne wutar da za ta wuce fata salin-alin, sai ta isa can ciki sa'an nan ta kama.

Lantarki ne ya buɗe wannan ƙofa. Tun a 1791 wani Ba'italiye, Luigi Galvani, ya bayyana cewa in lantarki ya taɓa jijiyar ƙafar mataccen kwaɗo sai ƙafar ta harba. Duk wanda wayar wuta ta taɓa ja ya san wannan a jikinsa. Wutar da ake kawowa gidaje a Nijeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a cikin sakan ɗaya, kuma wannan saurin daidai yake da abin da jijiya ke amsawa, shi ya sa take fizgar mutum ta ƙanƙame masa tsoka. Shekara 100 cif bayan Galvani, wato a 1891, wani likita Bafaranshe mai suna Arsène d'Arsonval ya gano wani abin mamaki. In aka ƙara saurin kai da komowar lantarkin har ya wuce sau 10,000 a sakan, to ya daina fizgar mutum ke nan, sai dai ya ji ɗumi. Dalili kuwa, jijiya tana bukatar a tura ta gefe ɗaya na ɗan lokaci kafin ta farka, shi kuwa wannan lantarki kafin ta ankara ya juya, kafin ta sake ankara ya kuma juyawa. Amma gishirin da ke narke cikin ruwan jiki yana bin wannan juyi, ƙwayoyinsa suna ta gogar juna, gogayyar nan ce ke haifar da zafi, kamar yadda mutum ke murza tafin hannunsa da sanyin hunturu.

To a nan ne sunan rediyo ya shigo. Na'urorin da ake wannan aiki da su yau suna ba da lantarki mai juyawa kusan sau 500,000 a sakan, wato kilohaz 500. In ka duba akwatin rediyonka a layin matsakaicin zango, za ka ga lambobin sun fara daga wajen 530. Ka ga ashe maƙwabta ne. Ba wata tasha ake kamawa a jikin majinyaci ba, saurin lantarkin ne ya yi daidai da na tashoshin rediyo, sai sunan ya bi shi.

Waɗanda suka fara cin moriyar abin su ne masu fiɗa. Ranar 1 ga Oktoba, 1926, a birnin Boston na Amurka, shahararren likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya cire wani ƙari daga kan wani majinyaci, wanda 'yan kwanaki kafin nan ya fara aikin ya dakata saboda zubar jini. A wannan karo ya yi amfani da wata na'ura da wani masani William Bovie ya ƙera, wadda ke yanka tana tsayar da jini lokaci guda. Har gobe da wuya ka shiga ɗakin tiyata ba ka tarar da jikanyar wannan na'ura ba. Shi dai Bovie dala ɗaya tak ya karɓa a kan haƙƙin mallakarta, ya rasu a 1958 ba shi da wani abin kirki.

Juya wannan wuta kan jijiya da gangan kuwa, wani ciwon fuska ne ya jawo shi. Akwai wata jijiya mai rassa uku a kowane ɓangaren fuska, reshe ɗaya goshi da ido, ɗaya kunci, ɗaya muƙamuƙi. In ta kamu, mutum yakan ji kamar an soka masa wuƙa ko walƙiya ta faɗa masa a kunci, na 'yan sakan, ya lafa, ya sake dawowa. Tauna, ko magana, ko wanke fuska wajen alwala, kai ko iska ta busa, duk suna iya tayar da shi. Da yawa akan cire musu haƙoran da lafiyarsu ƙalau ana zaton daga nan ne. Wani likita Bafaranshe, Nicolas André, ya siffanta cutar tun a 1756. A da sai dai a buɗe ƙoƙon kai a yanke jijiyar, aiki mai hatsarin gaske, ko kuma a ɗura mata sinadarin barasa mai ƙarfi ta allura don ta mutu, shi kuma ruwa ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya.

A 1931 wani likitan fiɗa Bajamushe, Martin Kirschner, ya gwada wata dabara. Wannan Kirschner shi ne mai siririyar wayar ƙarfen nan da ake ɗaure karaya da ita a asibitocin ƙashi har yau. Ya soka doguwar allura ta kunci, ya bi wata 'yar ƙofa da ke gindin ƙoƙon kai har ya kai ga kullin da rassan nan uku suka haɗu, sa'an nan ya saki wutar. Ciwo kam ya tafi. Amma fa Kirschner ba shi da hanyar sanin zafin da ke bakin allurarsa, kamar mai gasa tsire ne ido a rufe. Wasu majinyata fuskarsu ta mutu ɗungurungum, wasu idonsu ya daina jin ƙura ta faɗa masa har ya lalace, wasu wutar ta tsallaka ta ci jijiyoyin da ke kusa, akwai ma waɗanda suka rasa rayukansu. Sannu a hankali likitoci suka ja da baya daga wannan aiki.

Ana cikin haka, a garin St. Louis na Amurka, wasu masana biyu, Joseph Erlanger da Herbert Gasser, suka duƙufa kan zaruruwan nan da muka ce suna cikin jijiya, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1944. Suka nuna cewa ba gudunsu ɗaya ba. Masu kauri suna sanye da wata rigar kitse kamar robar da ke jikin wayar lantarki, saƙo yana bin su da gudun da ya kai mita 120 a sakan, su ne ke motsa tsoka, su ne kuma ke kai labarin taɓawa. Sirara kuwa a hankali saƙo ke bin su, waɗanda ko rigar ba su da ita ma gudunsu bai wuce mita ɗaya zuwa biyu a sakan ba, tafiyar mai tafiya a ƙasa ke nan, kuma yawancin labarin ciwo ta cikinsu yake bi. Manomin da ya taɓa saran ɗan yatsansa da fartanya ya san wannan ko bai je makaranta ba. Da fari zai ji saran, sai an ɗan jima sa'an nan raɗaɗin ya iso.

Daga nan sai wani buri ya shiga zukatan likitoci. Tun da masu kai ciwo sirara ne, ashe ba za a iya samun wani zafi daidai wa daida wanda zai kashe su ya bar masu kaurin ba? In haka ta samu, an raba mutum da ciwo ke nan ba tare da an taɓa jinsa ko motsinsa ba.

Mataki na farko shi ne a iya sarrafa wutar. A farkon shekarun 1950, a Boston, wani injiniya Bernard Cosman ya fara ƙera na'urori musamman don wannan aiki, yana hulɗa da likitocin babban asibitin Massachusetts, cikinsu har da William Sweet. Aka rufe jikin allurar duka da abin da ba ya barin lantarki ya fita, aka bar ɗan bakinta kawai a buɗe. Daga baya aka dasa ɗan mitsitsin ma'aunin zafi a cikin bakin. Yanzu likita yana kallon lamba yana sanin abin da ke faruwa can ciki. Jikin mutum yana kan digiri 37 a ma'aunin santigired. Daga wajen 45 ƙwayoyin jijiya ke fara lalacewa, daga 60 zuwa sama kuwa nan take suke daskarewa, kamar yadda farin ƙwai ke yi a kasko. In aka kai 100 ruwan wurin ya tafasa, naman ya babbake ya manne a bakin allurar, wutar ma ta daina wucewa yadda ake so. Wani zai ce ai a Sakkwato ko Agadas zafin bazara yakan kai 45, me ya hana jijiyoyinmu dahuwa? Wancan zafin iska ne, gumi yana tsare cikin jiki a kan 37 ɗinsa.

Sai ga shekarar 1968. A can St. Louis ɗin dai, Frank Letcher da Sidney Goldring suka yi gwaji a kan wata jijiyar ƙafar kyanwa. Suka ɗora mata na'urar da ke nuna saƙon da ke bin kowane rukunin zare, suka riƙa ƙara zafi kaɗan-kaɗan, wani lokaci da wutar rediyo, wani lokaci da zafi tsagwaronsa. Abin da suka gani shi ne saƙon siraran zaruruwa ya riga na masu kauri ɗaukewa. Likitoci suka yi murna, don ga alama burin ya tabbata. A 1974 William Sweet da abokin aikinsa James Wepsic suka bayyana yadda suka gyara aikin Kirschner. Su sukan sa majinyaci barci na 'yan mintoci a soka allurar, a bar shi ya farfaɗo, a saki ɗan lantarki mara ƙarfi a tambaye shi a ina yake jin tsirtsiri. In ya nuna daidai inda ciwonsa yake, a sake sa shi barci a ƙona kaɗan, ya farka a gwada kuncinsa da tsinin allura. Abin da ake nema shi ne ya ce ya ji an taɓa shi amma bai ji tsini ba. In bai kai ba a ƙara kaɗan. Wannan hanya ta bazu duniya, kuma har yau ana yin ta ga waɗanda ƙwayoyin magani suka gaza musu.

Amma maganar cewa wuta tana zaɓen zare ba ta daɗe ba aka ƙalubalance ta. A 1981 wasu likitoci a jihar North Carolina, Smith da McWhorter da Challa, suka yi wa jijiyoyin karnuka irin ƙunar da ake yi wa mutane a asibiti, da zafi iri-iri daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, sa'an nan suka yanko wurin suka duba a madubin likita. Suka tarar duk inda wutar ta kai ba ta bar kowa ba, sirara da masu kauri, masu riga da marasa riga, duk ta haɗa ta cinye. Bambancin gwaje-gwajen biyu shi ne, na kyanwa ya saurari saƙo ne a lokacin da zafi ke hawa, wa ya fara yin shiru, na karnuka kuwa ya duba ɓarnar da ta rage bayan an gama. A yau galibin masana sun tsaya kan cewa a irin zafin da ake aiki da shi, digiri 60 zuwa 80 ko sama, wuta ba ta san na gida ba. In mai ciwon fuska ya ci gaba da jin taɓawa, mafi yawa don ba a ƙone kullin duka ba ne, an bar wasu zaruruwa da rai. A ganinmu wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk labarin nan, domin ya nuna tsaron majinyaci yana hannun likitan da ya san wace jijiya zai taɓa, a ina, kuma iya wane faɗi.

Lissafin da wani likitan Turkiyya, Yücel Kanpolat, ya fitar a Ankara a 2001 ya nuna riba da hasarar abin. Cikin shekara 25 sun yi wa mutum 1,600 masu ciwon fuska wannan aiki. Kusan kashi 98 cikin 100 ciwon ya ɗauke nan take. Bayan shekara 5, waɗanda aiki ɗaya ya ishe su ba ciwo sam sun kai kusan kashi 58. Kimanin kashi 6 jin idonsu ya ragu, kimanin kashi 4 ƙarfin taunarsu ya ragu. Ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 kuma ya gamu da mafi munin illa, wato fuska ta mutu ba ta jin taɓawa amma kuma tana ƙuna ba dare ba rana, abin da ke da wuyar magani ƙwarai.

Yanzu mu gangaro kan baya, inda matsalar wanka take. Ƙashin baya gunduwa-gunduwa ne aka jera, kuma ta bayan kowace gunduwa akwai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu, dama da hagu, da ke haɗa ta da ta ƙasanta. Sukan gaji su yi amosani kamar yadda gwiwa ke yi, musamman ga wanda ya ƙare rayuwarsa a sunkuye ko yana dakon buhu. A 1971 wani likita a Ostireliya, Skyrme Rees, ya yi shelar cewa ya yanke jijiyoyin waɗannan gaɓoɓi da 'yar wuƙa ga mutum 1,000, kuma 998 sun samu sauƙi. Kai ɗan kasuwa ne Alhaji, ka san in aka kawo maka kaya aka ce ko ƙwaya ɗaya ba ta da aibu, sai ka zura hannu har gindin buhu. Da aka bincika daga baya sai aka ga tsawon wuƙar tasa ma bai isa inda jijiyoyin suke ba. Wani Ba'amurke, Norman Shealy, ya gwada hanyar Rees ya ga jini yana taruwa a wurin yankan, sai ya koma ga allurar rediyo, ya bayyana sakamakonsa a tsakiyar shekarun 1970.

Shi ma Shealy ba kullum yake samun jijiyar ba, don a lokacin ba a san takamaiman hanyarta ba. Wani masanin sassan jiki ɗan Ostireliya, Nikolai Bogduk, shi ne ya bi gawarwaki a hankali, tun daga 1979, ya nuna ainihin lungun ƙashin da 'yar jijiyar ke kwanciya. A 1987 kuma ya yi wani gwaji mai sauƙi da ya canza aikin baki ɗaya. Ya tsoma allurar cikin farin ƙwai da ɗanyen nama ya kunna wuta. Kowa yana zaton ƙunar gaba take yi, daga tsinin allura. Ashe kewayen bakin take yi, a gefe-gefe, ta yi siffa kamar ƙwayar gyaɗa, abin da ke wuce tsinin kaɗan ne. Ke nan duk likitan da ya caka allurar tsaye a kan jijiya yana iya kuskure ta da ƙyas, dole sai an kwantar da allurar a jikinta, su jera tare.

Da aka gyara waɗannan, Susan Lord da Bogduk da abokan aikinsu suka yi gwaji na adalci a 1996, da mutum 24 masu ciwon wuya bayan hatsarin mota. Rabi aka ƙona musu da gaske, rabi aka soka allurar ba a kunna wuta ba, kuma ba wanda ya san rukuninsa. Waɗanda aka ƙona wa, tsaka-tsakinsu sai da aka yi kwana 263 kafin rabin ciwon ya dawo. Ɗaya rukunin kwana 8 kacal. Amma kada a ce an gama magana. A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a ƙasar Holan, da mutum 681 masu ciwon ƙasan baya. Duka an sa su motsa jiki na wata 3 a ƙarƙashin masana, rabinsu aka ƙara musu da ƙona jijiya, kuma bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Masu goyon bayan aikin suka ce ba a tace majinyatan da kyau ba, kuma ba a kwantar da allurar yadda Bogduk ya koyar ba. Har yanzu ana wannan muhawara.

Ka lura an ce ciwon ya dawo. Wannan ba gazawar likita ba ce, halin jijiya ne. Tun a 1850 wani Bature ɗan Ingila, Augustus Waller, ya nuna a jikin kwaɗi cewa in aka raunata jijiya, ɓangaren da ya rabu da tushe yakan ruɓe jiki ya share shi. Tushen kuwa yana nan da rai, yakan sake tofo kamar kututturen da aka sare, yana tafiya kimanin milimita ɗaya a yini, wajen inci ɗaya a wata. Wutar rediyo tana kashe zaruruwan ciki amma yawanci takan bar kwasfar jijiyar ta waje, sai sabon tofon ya bi tsohuwar hanya har ya isa gida. Shi ya sa sauƙin kan ɗauki wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye, sa'an nan a sake in ana so. Ita gaɓar da ta gaji tana nan yadda take, ba a gyara ta ba, an dai yanke wayar da ke kawo ƙararta ne.

Saboda tsoron ɓarnar wuta, a 1996 wani likitan Holan, Menno Sluijter, tare da Eric Cosman, ɗan wancan injiniya na Boston, suka fito da wani salo na sakin wutar a gutsuttsure, sau 2 a sakan, ana barin wurin ya huce a tsakani don kada zafi ya wuce digiri 42. Wannan ba ya kashe jijiya, shi ya sa ake gwada shi kan waɗanda ba a so a rasa, sai dai hujjar amfaninsa ba ta kai ta ƙuna sosai ƙarfi ba a ciwon gaɓoɓin baya. A 2011 kuma likitoci a Koriya ta Kudu suka nuna ana iya ƙona ƙananan jijiyoyin gwiwa ga tsofaffi masu amosanin gaɓɓai.

To batun shanyewar ƙafa. Jijiyar da ake nufi a baya 'yar ƙarama ce, kaurinta bai fi na zaren ɗinkin buhu ba, aikinta kai labarin gaɓar da kuma motsa wata 'yar tsoka da ke manne da ƙashin baya. Wannan tsokar takan yi rauni na wani lokaci, gaskiya ne, shi ya sa ake so mutum ya riƙa motsa jiki bayan aikin. Babbar jijiyar da ke gangarawa ƙafa daban take, amma ba ta da nisa da wurin, kuma mun riga mun ji cewa wuta ba ta zaɓe. Don haka ake aikin ana kallon allurar ta na'urar hoton ƙashi, kuma yawanci majinyaci idonsa biyu, an dai kashe masa zafin fatar wurin. Kafin a ƙona akan saki ɗan lantarki mai bugawa sau 2 a sakan. In tsokar baya ce kawai ke motsi, lafiya. In ƙafa ta harba, allurar ta kusanci babbar jijiya, sai a janye a gyara. In komai ya daidaita sai a kai zafi wajen digiri 80 na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A hannun gwani shanyewar ƙafa abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Abin da aka fi gani shi ne tsamin wurin ko ƙuna-ƙuna a fata na mako ɗaya zuwa 'yan makonni. Kuma a shaida wa likita in mara lafiya yana shan maganin tsinka jini, ko an sa masa na'urar bugun zuciya, ko mace tana da juna biyu.

Manyan jijiyoyin hannu da ƙafa kuwa ba a ƙona su don ciwo. Duk wanda ya ga yadda kuturu ke ɗaukar tukunya mai zafi bai ji ba har yatsunsa su lalace, ko mai ciwon sukari da ƙusa ke kwana a tafin ƙafarsa bai sani ba, ya san abin da rashin ji ke jawowa. Haka nan kada wani ya ji wannan bayani ya ce ai lalas ma wuta ce. Jan ƙarfe a gadon baya ba zai kai ga wannan jijiya ba, gyambo kawai zai bari.

Abu ɗaya da za ka tsaya a kansa kafin a kai shanu kara shi ne allurar gwaji. Ciwon baya iri-iri ne, akwai na faifan da ke tsakanin ƙasusuwa, akwai na tarin fuka da ya sauka a ƙashin baya, akwai na daji, akwai na ƙoda, kuma ƙona wannan 'yar jijiya ba ya yi wa ko ɗaya daga cikinsu komai. Ciwon da ke harbawa har ƙafa da kasala ko riƙewar fitsari ma wani abu ne daban, na gaggawa. Hanyar tantancewa ita ce a fara ɗiga wa jijiyar maganin kashe zafi na 'yan sa'o'i, sa'an nan mara lafiya ya tashi ya sunkuya, ya juya, ya yi duk abin da ya saba tayar masa da ciwon. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce tun a 2016 kada a ƙona sai wannan gwaji ya nuna amfani, wasu likitocin ma sai sun maimaita shi sau biyu a ranaku daban. Ka tambaye su ko sun yi wa wanka wannan allura, da kuma yawan ciwon da ya ragu da aka yi ta. In an yi ta ciwon bai gusa ba, to ƙunar ma ba za ta gusar da shi ba, sai a koma neman ainihin inda yake fitowa.